Wai babu yadda za a sa Google ya nuna shafin gwamnati kaɗai?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin waya ku taimaka min. Jiya ƙanina ya zo min da wani linki da aka turo masa a WhatsApp wai wata hukuma na ɗaukar ma'aikata, ya cike fom har ya kai inda aka ce ya biya naira 7,500 kuɗin tantancewa, shi ne ya zo in ranta masa. Ni kuma raina bai kwanta ba na ce bari in duba a Google, to wallahi abin da ya fito ya fi ƙarfina, shafuka birjik kowanne da tambarin hukumar da kore fari kore, wannan ya ce an buɗe wannan ya ce an rufe tun watan jiya wancan ya ce danna nan ka cike yanzu. Ni wanne zan kama? Babu yadda za a ce wa abin nan ya nuna min na gwamnati kawai ya bar min tarkacen?

Mai Kafe Bauchi Road: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai kar ya biya ko sisi. Na biyu akwai hanya, kuma ba wuya. Ki rubuta sunan hukumar, ki bar fili, sai ki ƙara site:gov.ng a gaba. Shi ke nan. Duk abin da zai fito miki daga adireshin da ya ƙare da gov.ng ne, sauran duk zai zubar da su.

Maman Iman: Na gwada yanzu, tarkacen nan dai suna nan ba su tafi ko ina ba

Mai Kafe Bauchi Road: Turo hoton abin da kika rubuta in gani

Mai Kafe Bauchi Road: Yawwa na gani. Kin bar fili tsakanin ɗigo biyun da gov. Wayar ce ke sa shi da kanta in kin taɓa kalmar da ta ba ki shawara. A manne ake rubutawa, site:gov.ng, ba numfashi a tsakani. Kullum sai na gyara wa ɗalibai wannan a shago, da ka bar fili to Google ya ɗauka kalmomi ne guda biyu kake nema kawai.

Maman Iman: Ikon Allah! Sun ɓace. Yanzu shafin hukumar ne kawai da na wata ma'aikata, kuma babu maganar ɗaukar aiki ko ɗaya a ciki, sanarwar da na gani ma gargaɗi ne a kan masu damfara

Ɗan Anguwar Rogo: Kenan 7,500 ta tsira 😂 Hajiya a turo mana rabi mu sha shayi, sanyin yau ba na wasa ba ne

Kawu Terminus: To ni ina da tambaya. Me ya hana dan damfarar shi ma ya je ya bude nasa da gov.ng din? Mutumin da ya iya satar tambari ai zai iya satar wutsiyar suna. Ni fa duk abin da ke cikin wayar nan ban yarda da shi ba

Injiniya Kubwa: Kawu ina wuni. Tambayar taka tana kan hanya, amma abin ba haka yake ba. Tambari hoto ne, kowa zai iya kwafa ya manna. Wutsiyar suna kuwa rajista ake yi. Duk adireshin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin wata ƙungiya ce NiRA, an kafa ta a 2005, ita ke riƙe da kundin sunayen Najeriya. A cikin .ng ɗin akwai na kowa da kowa akwai na keɓe. Irin su com.ng da org.ng da .ng zalla, ko ni ko kai yau za mu iya saya da katin banki kafin la'asar. Amma gov.ng sai hukumar gwamnati, kuma sai an bi ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da takarda a hukumance. Haka edu.ng na manyan makarantu ne, mil.ng na soja, sch.ng na makarantun firamare da sakandare. Shi ya sa ɗan damfara ba ya wahalar da kansa a nan, abin da yake yi shi ne ya yi wasa da idonka.

Kawu Terminus: Wasa da ido kamar yaya

Injiniya Kubwa: Zai sayi suna na .com ko wani mai araha, sai ya jera sunan hukumar da gov da ng a farkon adireshin, nasa sunan na gaskiya ya ɓoye shi can ƙarshe inda allon waya ba ya kaiwa. Ko ya sa karan ɗori maimakon ɗigo, ka ga gov-ng, ido ya wuce da sauri. Adireshi daga baya ake karanta shi Kawu, kamar Ajami. Ka nemi karkatacciyar sandar nan (/) ta farko bayan ka wuce https://, abin da ya zo kafinta kai tsaye shi ne mai gidan. In ka ga gov.ng daf da sandar to na gwamnati ne, in kuwa bayan gov.ng akwai wani ɗigo da wani suna kafin sandar, to gidan wani ne ya rataya allon gwamnati a ƙofa. Amfanin site: kenan, shi ba ya ruɗuwa da wannan, ƙarshen sunan yake dubawa.

Maman Iman: Na koma na duba linkin ƙanin nawa, wallahi blogspot ne a ƙarshe. Innalillahi

Mai Kafe Bauchi Road: Wannan ma ko kwabo bai kashe ba wajen buɗewa, kyauta ake yinsa

Kawu Terminus: Amma ai yarona ya ce min in na ga dan kwadon nan a sama to shafin mai kyau ne

Injiniya Kubwa: A'a Kawu, ɗan kwaɗon ma'anarsa kawai abin da ka rubuta ba wanda zai leƙa a hanya kafin ya isa shafin. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma yana sa wa ɗakinsa kwaɗo. Saboda wannan ruɗanin ne ma Chrome suka cire hoton kwaɗon a 2023 suka sa wata alama daban.

'Yar Naraguta: Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Wannan magana ta a tsaya a gov.ng kawai tana da nata haɗarin. INEC fa shafinta inecnigeria.org ne. WAEC ma .org ne, sakamako a waecdirect.org ake dubawa. To in mutum ya riƙe cewa duk abin da ba gov.ng ba ƙarya ne, ai zai zubar da na gaskiya ya zauna yana jira. NYSC ma babban shafinsu gov.ng ne amma lokacin da yayata ta je rajistar bautar ƙasa a org.ng ake yi, sai da ta tsorata ta zaci na bogi ne.

Mai Kafe Bauchi Road: Gaskiyarki ƙanwata, ban ce doka ce ba. JAMB da NECO da NIMC da shige da fice duk gov.ng ne, amma akwai waɗanda suka fita layi. Abin da nake yi in na san adireshin gaskiya sau ɗaya, to shi nake sawa gaba ɗaya, site:inecnigeria.org sai abin da nake nema. Ba dole sai wutsiya kaɗai ba, cikakken suna ma yana aiki, har ya fi.

'Yar Naraguta: To ai matsalar kenan, wanda bai san adireshin ba fa? Ka ga an koma gidan jiya

Injiniya Kubwa: Ga dabara. WAEC ba ta Najeriya kaɗai ba ce, ta ƙasashe biyar ce da Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, shi ya sa ba za ki ganta a gov.ng ba. In kina shakka, ki fara da gov.ng ɗin ki ga ko wani shafin gwamnati ya ambaci adireshinsu, ko ki duba a takardar da suka buga da kansu, katin jarrabawa ko fosta a ofishinsu. Sau ɗaya ne wahalar, daga nan ki adana shi.

Ɗan Anguwar Rogo: Ni wallahi duk kun wahalar da kanku. Wa ke da lokacin ɗigo biyu da karan ɗori a wannan zamanin? Ka tambayi Meta AI a cikin WhatsApp ko ChatGPT ya ba ka amsa a dunƙule da Hausa ma in ka so

'Yar Naraguta: Hmm kar ka sa in tuna. Ina rubuta furojet ɗina a kan dankalin turawa a Bokkos da Mangu na tambayi irin abin nan ya ba ni takardun bincike, ya jero min guda shida da sunayen marubuta da shekara tsaf kamar gaske, na je nema huɗu babu su a duniya. Da na miƙa wa malamina haka da na shiga uku

Ɗan Anguwar Rogo: To ke ce ba ki iya tambaya ba

'Yar Naraguta: Na ji. Amma abin da ya fitar da ni shi ne site:edu.ng da filetype:pdf a haɗe, na rubuta sunan dankalin da Turanci da Bokkos, sai ga ayyukan ɗalibai da na malamai daga Unijos da ABU da wasu jami'o'in, takardu cikakku da zan buɗe in karanta da idona in ga shafi na nawa aka faɗi abu. Shi filetype:pdf ɗin yana kore maka shafukan nan masu cewa biya 3,000 a turo maka babi na ɗaya zuwa na biyar, ba duka ba dai amma da yawa.

Mai Kafe Bauchi Road: Su ma ana korarsu da suna. Alamar ɗebewa a gaban site, a manne, kamar -site:facebook.com, to duk abin da ke Facebook ba zai fito ba. In wani shafi ya dame ka yana ta fitowa a sama, ka sa masa wannan ka huta.

'Yar Naraguta: Sai dai edu.ng ma ta taɓa rufe min ido. Sati biyu ina ciki ina cewa ai babu rubutu da yawa a kan abin, ashe mujallun bincike na Afirka da yawa suna ajol.info ne, na hukumar abinci ta duniya kuma fao.org. Ni na gina katanga na kuma zauna ina kukan ba na hango waje. Yanzu sai in yi bincike sau uku ko in haɗa su da OR da manyan baƙaƙe, site:edu.ng OR site:ajol.info

Injiniya Kubwa: Kuma a lura, .edu zalla ba tare da ng ba kusan duk na makarantun Amurka ne, haka .gov zalla gwamnatin Amurka ce kaɗai. Na ga mutane suna rubuta site:gov suna mamakin me ya sa ake ta kawo musu Texas. Ingila kuma ba edu suke amfani da shi ba, jami'o'insu ac.uk ne, gwamnati gov.uk. Masu neman tallafin karatu ku riƙe wannan, in an ce jami'ar Ingila ce ke bayarwa to site:ac.uk da sunan tallafin, in bai fito ba a yi hattara.

Anti Nas Bukuru: Sannunku da hira, yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo sun taru. Ni a ɓangarenmu abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar magani. Mara lafiya zai zo ya ce ya gani a intanet wai kaza na maganin kaza, ka tambaye shi a ina, ya ce Google. Google ai ba likita ba ne, kasuwar Terminus ce, kowa ya baza hajarsa. Ni in ina neman abu a kan zazzaɓin Lassa ko kwalara ko sanƙarau site:ncdc.gov.ng nake sawa ko site:who.int, in magani ne ko yana da rajista nafdac.gov.ng. Ita .int ɗin nan ma ba a sayar wa kowa, ta ƙungiyoyin da ƙasashe suka kafa da yarjejeniya ce.

Kawu Terminus: Anti a bar kasuwarmu ta huta haka, gobarar 2002 ma ta ishe ta

Anti Nas Bukuru: Afuwan Kawu 😂 misali ne

Kawu Terminus: To tunda kun ce haka, ni kudin kujerar hajji nake son sani, kowa da abin da yake fada a masallaci

Mai Kafe Bauchi Road: Kawu site:nahcon.gov.ng za ka sa, in kuma dokokin can Saudiyya ne to gov.sa. Amma ka duba kwanan wata da kyau, don zai iya kawo maka sanarwar shekara uku da suka wuce a sama ka zaci ta bana ce. Ka ƙara after:2024 ko shekarar da kake so, zai bar tsofaffin. Akwai before: ma in tsohon abu kake nema.

Injiniya Kubwa: Wannan batun kwanan wata shi ne babban ciwon. Gov.ng na tabbatar maka wa ke magana ne kawai, ba ya tabbatar maka cewa maganar ta yau ce. Akwai wata hukuma da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba, shafinsu ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, shugaban da aka sauke hotonsa na nan yana murmushi, duk sanarwarsu a Facebook da X suke sakewa. To ka ga wanda ya tsaya a site:gov.ng zai ce ba su ce komai ba alhali sun faɗa a wani wuri.

'Yar Naraguta: To kenan Maman Iman ma ba ta da tabbas, ƙila ana ɗaukar aikin ba a sa a shafin ba

Injiniya Kubwa: Ƙila. Rashin ganin abu a Google ba hujja ba ce cewa babu shi, abin da na'urarsu ta zagaya ta kwaso kaɗai suke nunawa, wani shafin ba su kai gare shi ba, abin da ke cikin guruf na WhatsApp kuwa sam ba sa gani. Amma nata ai ya wuce nan, blogspot da neman kuɗi a asusun mutum, ga kuma gargaɗi daga hukumar da kanta.

Malam Gangare: Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Ni tambayata a kan Hausa ce. In na rubuta abu da Hausa sai ya riƙa kawo min wasu harsuna ko ya ce wai ko kaza nake nufi ya canza min kalma. Ranar nan na nemi bayani a kan kuɗin cizo ya kawo min abin da ba shi ba

Mai Kafe Bauchi Road: Allah gafarta Malam, a nan ma site: ɗin ne magani. Yana karɓar har da reshen shafi, misali site:bbc.com/hausa zai tsaya a sashen Hausa kaɗai ba zai shiga na Turanci ba. Haka dw.com/ha da rfi.fr/ha da voahausa.com da aminiya.ng da ha.wikipedia.org. In kuma ba ka so ya taɓa maka kalma, ka sa ta cikin alamar zance, "kuɗin cizo", zai nemo su a jere yadda ka rubuta.

Malam Gangare: To da ƙugiya zan rubuta ko babu? Don na lura wasu jaridun suna sa wa ɗ da ƙ ƙugiya wasu ba sa sawa

Mai Kafe Bauchi Road: Gwada duka biyun Malam, ni haka nake yi, sau da yawa sakamakon ba ɗaya ba ne. Ko ka haɗa su da OR a layi ɗaya.

Kawu Terminus: Kun ga amfanin irina da ba ma sa kugiya kenan

Malam Gangare: Kawu kai wayarka ce ba ta da ita, kar ka mai da shi ƙa'ida 😄 Amma na ƙaru. Dama akwai hadisan da ake ta yawo da su a guruf-guruf, a turo wa mutum goma, ni dorar.net nake shiga in duba ingancinsu, ban san zan iya tsayar da Google a kansa daga waje ba. Sai dai shi da Larabci za ka rubuta matanin.

Ɗan Anguwar Rogo: To wai ni .ne da nake gani na waye? Na zaci ng ce aka yi kuskure

Injiniya Kubwa: Nijar kenan. Kamaru .cm, Chadi .td, Ghana .gh. Ka yi hankali da .cm ɗin ma, in yatsa ya tsallake o a .com can za ka faɗa. Kuma wutsiyar ƙasa ba kullum take nufin mai shafin ɗan ƙasar ba ne, .tv ta wani ɗan tsibiri ce Tuvalu, gidajen talabijin suka yi mata rubdugu, .ly ta bit.ly Libiya ce, .co Kolombiya. Ita kanta .ng baƙi na saya.

Ɗan Anguwar Rogo: Tsibiri na cin kuɗi da harafi biyu mu muna nan muna jiran NEPA

Anti Nas Bukuru: Wani abu da ba a faɗa ba, na saman nan da ake rubuta Sponsored a kansu talla ce, kuɗi aka biya aka sa su a wurin. Mamana duk abin da ya fara fitowa shi take dannawa, ta ce ai shi ne na ɗaya.

Mai Kafe Bauchi Road: Ga wanda ba zai iya riƙe duk wannan a ka ba, ya buɗe google.com/advanced_search, fom ne da akwatuna, akwai na shafi ko wutsiyar suna, akwai na irin fayil, akwai na harshe, ka cike shi ya rubuta maka alamomin da kansa. Kuma site: ɗin na aiki a Bing da DuckDuckGo, ba Google kaɗai ba.

'Yar Naraguta: Ka ga da ka faɗi wannan tun farko da Kawu bai sha wahala ba

Kawu Terminus: Ni har yanzu ina kan bakata, gobe zan je ofishin alhazai da kafata in tambaya. Amma na gwada abin naku ya fito, sai dai rubutun kanana ne tabarau na na shago

Maman Iman: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Na nuna wa ƙanin nawa, ya yi shiru, can ya ce ai abokinsa ya riga ya biya tun shekaranjiya har an turo masa takardar gayyata zuwa Abuja ranar Litinin

Injiniya Kubwa: Subhanallah. Ki ce ya turo hoton takardar kafin yaron ya kashe kuɗin mota, in ga adireshin da aka rubuta, in ta kama gobe in na fito aiki sai in bi ta wajen in duba ko akwai ofishin ma

Maman Iman: To bari in kira shi, ya fita sallar isha'i